Kiwo da ɗan lambu a bayan gida a Kumasi: kurakuran da muke ta maimaitawa

Tun da muka tashi daga Aboabo muka koma wajejen Asokore Mampong inda muka samu ɗan fili a bayan gida, na ga asara kala kala a gidanmu da na maƙwabta, kuma in ka bi diddigi yawanci abu ɗaya ne ke jawo ta. Muna kiwo a Kumasi kamar muna Bawku ko Tamale. Can arewa damina ɗaya ce kuma rana na busar da komai, nan kuwa ruwa sau 2 ne a shekara, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarami daga Satumba zuwa Nuwamba, ƙasa bata gama shanye na jiya ba wani ya sake sauka. Laima ce ke cin mana dabbobi.

Mu fara da turke. Sai mutum ya kafa turke a ƙasa ya ɗaure akuya nan take kwana nan take fitsari, ruwa ya zo ya haɗe da kashi ya zama caɓi, bayan ɗan lokaci ka ga tana ɗingishi kofato ya fara ruɓewa, ga tsutsar ciki ga tari ga zawo. Ni akuya 2 na rasa a damina ɗaya kafin na gane, kuma har yau abin na min ciwo don ɗaya tana da ciki. Gyaran ba tsada, ka samu ragowar katako wajen kafinta a yi musu ɗaki mai ɗagagge daga ƙasa kamar rabin mita, a bar ƴar tazara tsakanin katakon yadda kashi zai riƙa zubowa ƙasa, sama kuma kwano ko da tsoho ne indai baya yoyo. Yara su share ƙarƙashin kullum da safe kafin makaranta.

Sai zaɓen iri. Manyan ragunan nan dogayen ƙafa da ake saukowa da su daga Burkina da Nijar lokacin layya suna da kyau a ido, amma na yanka ne, in ka ce zaka ajiye su kiwo laimar nan bata musu daɗi. Gajerun awaki da tumakin nan na kudu su ne ke jure wa. Kuma duk abinda ka sayo a kasuwa ka ware shi mako 2 tukuna.

Ɓawon rogo fa? Kullum ana daka fufu ɓawo na taruwa sai a kwashe shi ɗanye a zuba wa awaki da yawa, alhali yana da guba, a shanya shi a rana ya bushe sosai kafin a basu. Ledar fiya wata da baƙar leda ma a tsince daga tsakar gida, akuya na haɗiye su su cushe mata ciki tayi ta ramewa kana cewa maita ce.

Kaji kam nan ne abin ya fi bani haushi wallahi. Da hunturu ya shigo wajen Disamba annobar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil zata biyo unguwa, kaza tayi lagwas tana kashi kore, wuya ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Mu kuma sai a lokacin zamu fara jiƙa barkono a ruwa ko mu fasa kafso ja da rawaya na mutane mu zuba musu. Wannan cutar bata jin kafso. Akwai rigakafi da ake kira I-2, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa kamar duk wata 4, kuma tun suna lafiya ake yi. Ku haɗu gida 5 ko 6 ku je ofishin likitan dabbobi tare tunda kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya. Wadda ta mutu a binne ta, kar a jefa a kwata, don Allah.

A lambu, kashin kaji ɗanye na ƙona barkono da yalo da kuɓewa, a tara shi gefe da busasshen ganye ya ruɓe kamar wata 2 sannan a zuba. A yi kunya mai tudu don ruwa ya samu hanyar wucewa. Kontomire (ganyen gwaza) da ayaba su kam basu ƙin laima, sai a ba su gangaren.

Masarar da aka girbe a Yuli ko Agusta ita ma tana shan wahala don rana bata cika fitowa ba. Kar a shanya ta a ƙasa tsirara, a shimfiɗa tampol, kuma kar a ɗura a buhu sai ƙwaya na ƙaras a haƙori. Wadda tayi fumfuna kar a ce bari a ba kaji, a zubar kawai. Buhun kuma a ɗora shi kan katako nesa da bango.