Kurakuran da Aka Fi Yi da Tsoffin Littattafan Maikiroskop

A watan Janairun 1665 aka fara sayar da Micrographia na masanin kimiyya Robert Hooke a Landan. Littafi ne babba mai zane 38, kuma a cikinsa ne jama'a suka fara ganin ƙuma da kwarkwata da idon ƙuda da tsinin allura yadda maikiroskop, madubin ƙara girman ƙananan abubuwa, yake nuna su. Yau cikakken kwafi na bugun farko yakan kai dubun-dubatar daloli a gwanjo. Inda kuɗi ya kai haka kuwa, kuskure ɗaya yakan yi tsada, kuma yawancin kurakuran daga gaggawa suke fitowa: mutum ya ga shekara a shafin farko ya gamsu, bai tsaya ya tambayi takardar kanta ba.

Wannan shi ne kuskure na farko, yarda da shekarar da ke shafin take. An sha sake buga Micrographia ta hanyar ɗaukar hoton shafukansa, kamar bugun da kamfanin Dover ya yi a Amurka a 1961, kuma irin waɗannan suna ɗauke da MDCLXV ɗin nan, wato 1665, yadda yake a asali. Gyaran ba wuya. Ka ɗaga shafi ɗaya ka haska shi ta baya. Takardar ƙarni na 17 da hannu aka yi ta daga tsummoki, za ka ga layuka ƙanana a jere a jikinta, da wasu manya masu tazara da suka gitta su, wani lokaci har da tambarin masana'anta. Wanda ya taɓa riƙe tsoffin littattafan malamanmu na rubutun hannu, masu tambarin jinjirin wata uku, ya san irinta, don ita ma waccan ta hannu ce, daga Italiya aka riƙa kawo ta. Takarda mai santsi marar layuka ba ta shiga ɗab'in Turai ba sai wajen 1757. Sannan ka shafa gefen zanen da yatsa a hankali. Da farantin jan ƙarfe ake buga zanen, ana danna shi da ƙarfi a kan takarda mai danshi, sai ya bar shatinsa kewaye da hoton. Hoton da injin zamani ya buga lafe yake, ba shati ko kaɗan.

Ko takardar ta tabbata tsohuwa, da sauran aiki. An sake fitar da littafin a 1667 da sabon shafin take, kuma darajarsa ba ta kai ta 1665 ba. A 1745 kuma aka fito da Micrographia Restaurata, inda aka sake buga zane 33, yawancinsu daga tsoffin farantan Hooke, da gajeren bayani da wani ya rubuta, domin Hooke ya rasu tun 1703. Saboda haka zanen ƙuma guda da aka sa a firam ake tallarsa yana iya zama na gaske, daga farantin gaske, amma an buga shi shekara 80 bayan na farko. Idan kuma ka ga an yi masa launi, daga baya aka shafa, don da baƙar tawada kaɗai aka buga zanen littafin.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne saye ba tare da ƙidaya zanen ba. Darajar waɗannan littattafai a zanensu take, kuma su ne suka fi ɓata. Wasu sun fi shafi girma, sai an ninke su, kamar ƙuma a zane na 34 da kwarkwata a na 35. Shekara ɗari uku da hamsin ana buɗewa ana ninkewa, dole su yage a kan ninkin. Ga kuma masu yanke su da reza su sayar ɗaya-ɗaya saboda sun fi kawo kuɗi a haka, abin da ni dai nake ɗauka ɓarna ce tsagwaronta. Kafin a yi maganar farashi, a zauna a ƙidaya daga 1 zuwa 38, kowane da lambarsa a jiki. A duba ko takardar wani ta fi ta 'yan uwansa fari ko kauri, alamar daga wani kwafin aka ciro shi aka cike gurbi. A duba gefuna, domin mai ɗinkin littafi yakan datse baki ya tafi da ƙafar ƙwaro ko lambar zanen. In daga nesa ake cinikin, a nemi hoton kowane zane a buɗe. Dillali mai gaskiya yakan rubuta kowane aibi da kansa tun kafin a tambaye shi.

Sai batun Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na garin Delft a Holan. Mutane sukan tashi neman "littafinsa", alhali wasiƙu ya rubuta. Daga 1673 har rasuwarsa a 1723 yana aika su, da yawa zuwa ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, da yaren Holan, domin bai iya Latin ba. Wasiƙarsa ta 1676 kan ƙananan halittun da ya gani a ruwan da ya jiƙa barkono a ciki ta fito ne a mujallar ƙungiyar, Philosophical Transactions, a 1677. Daga baya aka riƙa buga wasiƙun kashi-kashi, kowane kashi da nasa shafin take da shekararsa, mai saye ya kai a ɗinke masa yadda ya ga dama. Arcana Naturae Detecta na 1695 fassarar Latin ce ta wasu daga cikinsu. Don haka kundi mai bango ɗaya yana iya ƙunsar bugu na farko da na uku a haɗe. Ana duba kowane kashi ne shi kaɗai, a gwada shi da bayanin da babban ɗakin karatu ya yi wa nasa kwafin.

Akwai kuma kurakuran tarihi da ake cusawa a talla don farashi ya hau. Leeuwenhoek bai ƙirƙiro maikiroskop ba: a 1632 aka haife shi, Francesco Stelluti kuwa ya riga ya zana ƙudan zuma ta madubi a Rum tun 1625. Micrographia ba shi ne littafin maikiroskop na farko a Ingila ba, Henry Power ya fitar da nasa a 1664. Hooke bai ga ƙwayoyin cuta a littafinsa ba, ramuka ya gani a busasshen ɓawon bishiya ya kira su ɗakuna. Shi ma Leeuwenhoek da ya zana bakteriya daga dattin haƙori a 1683 bai ce su ke kawo ciwo ba, wannan sai zamanin masana kimiyya Pasteur da Koch, kusan shekara 200 bayansa. A kula kuma da tazarar aiki da bugu: Jan Swammerdam ya rasu a 1680, amma babban aikinsa kan ƙwari bai fito ba sai 1737 da 1738, da Herman Boerhaave ya buga shi a Leiden.

Wanda littafin ya shigo hannunsa kuma, mafi yawan ɓarnar da kyakkyawar niyya ake yin ta. Salatif a kan yagewa yakan koma ruwan ɗorawa, gam ɗinsa ya ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Rufe shafi da leda mai zafi, yadda ake yi wa satifiket, kashe shi ne gaba ɗaya. Shafa mai a bangon fata yakan bi ya shiga shafuka. Cire tsohon bango a sa sabo mai ƙyalli yana rage daraja, haka ma goge sunan wanda ya taɓa mallakarsa, don sunan nan shaida ce ta inda littafin ya biyo. In hatimin ɗakin karatu ne a jiki, a tambayi takardar da ta nuna su suka sayar, domin ana satar irin waɗannan. Yagewa a bar ta yadda take har a samu gwanin gyaran takarda, wanda zai yi aiki da siririyar takardar Japan da kunun sitaci da ake iya cirewa. Da hannu wankakke busasshe ake taɓa shi, safar hannu takan sa yatsa ya kasa jin takarda ya yaga ta. Kada a danne shi ya buɗe shimfiɗe, a tallafe bangon biyu da matashi. A ƙasa irin tamu, laimar damina takan kawo hunhuna, hunturu ya busar da fata ta tsage, gara kuma ba ta jira. A ajiye shi kwance cikin kwali marar asid, nesa da bangon ɗaki da ƙasa da rana, ba cikin leda ba, a riƙa dubawa.

Malami ko ɗalibin da karatu ya dame shi ba sai ya mallaka ba. Micrographia yana nan kyauta a intanet, har a Project Gutenberg, shafin tsoffin littattafai na kyauta. Abu biyu ne za a kiyaye. Harafin da ya yi kama da "f" a tsakiyar kalmomi sau da yawa doguwar "s" ce ta tsohon ɗab'i. Sannan wasu masu ɗaukar hoton ba sa buɗe manyan zanen, sai ka tarar da rabin ƙuma ko farin bayan takarda. In ka ga haka, ka nemi kwafin da wani ɗakin karatu ya ɗauka, ka fara da duba zane na 34 da na 35 kafin ka sauke.