Yadda ake mayar da ziyarar dangi yawon kallon tsuntsaye da namun daji

Sau da yawa in an kai iyali ziyara karkara, da an gama gaishe-gaishe sai manya su dasa hira, yara su duƙufa kan waya. Alhali bayan gari cike yake da abin kallo, in dai an san yadda ake fita da yadda ake dubawa.

Fara da zaɓen hanya guda ɗaya, ka riƙe ta. Kada ta wuce tafiyar awa ɗaya zuwa da dawowa, don ƙaramin yaro da tsoho su iya. In da hali, ta ratsa gefen gona, ta shiga 'yar duhuwa, ta ɓulle bakin rafi ko tafki, domin dabbobi sun fi yawa inda wuri iri biyu suka haɗu. Duk zuwan da kuka yi, ita za ku bi. Mai canja hanya kullum sabon wuri kawai yake gani. Mai maimaita hanya shi ke lura cewa bishiyar da ta yi tsit wancan karo yau ta cika da sheƙa.

Sai ka nemi dattijon gida ya raka ku. Ka bar yaro ya yi tambayar da bakinsa: "Kaka, wane tsuntsu ne ke kukan nan?" Tsohon da ya shekara yana noma a wurin ya san kogon da mujiya ke kwana da ramin kurege. Shi ne kuma zai nema muku izini kafin ku ratsa gonar wani.

Ku fita da sassafe, cikin awa biyun farko bayan fitowar rana, ko da la'asar sakaliya. Da rana tsaka kowace dabba ta nemi inuwa. Takalmi rufaffe, ruwan sha, sanda, littafi da fensir sun isa. In akwai madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 ya fi dacewa: yana kusanto abu sau 8, gilashinsa na gaba kuma milimita 42 ne. Danƙon harbi kuwa a bar shi gida.

A hanya, a tafi sannu, ana fuskantar iska don kada zomo ya jiyo ƙanshinku tun daga nesa. Ku riƙa tsayawa shiru na kamar minti 10. Yara ba sa jure shiru haka kawai, saboda haka a ba kowa aiki: wannan ya saurari kuka, wancan ya duba ƙasa. Laka ta bakin ruwa ita ce ta fi ba da labari. Durƙusa ka duba: yatsu uku dogaye a gaba sawun zalɓe ne, layin da ya ja santal tsakanin ƙananan sawu kuwa wutsiyar ƙadangare ce.

Abin da za a nema yana bin lokaci. Da faɗuwar damina, a sa ido ga shamuwa, wadda ke yin sheƙa a arewacin Ikwaita, layin da ya raba duniya arewa da kudu, lokacin ruwa, in ruwa ya ɗauke ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Bayan ruwan farko kwaɗi su cika dare da kuka, shinge ya fito, tsuntsaye su yi ta wawa a kansa. Da kaka, masu cin hatsi ke tashi garke-garke, kuma wajen Satumba da Oktoba tsattsewar da ta tsallako Sahara daga Turai ke isowa. Ni dai na fi son hunturu: ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ido yana kaiwa nesa, tafki kuma yana janyewa yana tara zalɓe da balbela wuri ɗaya. Da bazara ba a doguwar tafiya. A sami inuwa kusa da ruwan da ya rage a zauna, su za su zo da kansu.

A ja wa yara kunne: ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda maciji da kunama, ba a ɗaukar ƙwai, ba a taɓa mataccen tsuntsu saboda murar tsuntsaye.

Da kun dawo, a rubuta kwanan wata, yanayin gari da abin da aka gani. Wanda ba a gane ba, a ɗora hotonsa a manhajar iNaturalist, ko a gwada Merlin Bird ID ta jami'ar Cornell da ke Amurka. Littafin kuwa a bar shi gidan dangi, a damƙa wa yaro ɗaya na gidan ya riƙa rubuta ranar da shamuwa ta sauka da ranar da tafki ya ƙafe, kafin ku sake zuwa.