Fumfuna a ganyen kabewa da kokwamba: a yi magani, a bar ƙudan zuma

'Yan uwa masu lambu, idan damina ta yi nisa kuka ga ganyen kabewa ko kokwamba ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari, fumfuna ce. Kafin a ɗauko injin feshi, a fara da hannu: a tsinke ganyen da ya kamu, a kai shi nesa a binne, kada a bar shi a gindin shuka. A rage cunkoso iska ta riƙa ratsawa, a buɗe wa ruwa hanya ya daina kwanciya. Ban ruwa kuma a gindi, ba a kan ganye ba.

Ni abin da nake haɗawa shi ne ƙaramin cokali 1 na bekin soda a lita 1 ta ruwa, da ɗigon sabulun ruwa kaɗan. A gwada a ganye biyu tukuna, don idan ya yi yawa ƙona ganye yake. Ruwan sama na wanke shi, sai an maimaita.

Lokacin feshin ne ya fi damuna. Furen kabewa da sassafe yake buɗewa, lokacin ne ƙudan zuma ke shiga ciki su fito jikinsu duk rawaya, kuma da haka kabewar ke yin 'ya'ya. Saboda haka a bari sai dab da magariba, sun koma gida, furen ma ya rufe. Ganye kawai za a fesa, sama da ƙasa.

Don Allah kada a zuba maganin ƙwari a ciki wai don a huta. Ba ya kashe fumfuna, zumar yake kashewa.