Yadda ake samar da wutar lantarki daga zafin cikin ƙasa

To jama'a, abin bai kai wuyar da ake zato ba fa. Ka taɓa lura da murfin tukunya yana rawa in ruwa ya tafasa? Ƙarfin tururin nan shi ake so, sai dai a nan ba itace ba gas, ƙasa ce da kanta take dafa ruwan.

Farko sai an nemo wuri. Ko'ina ka haƙa zafi ƙaruwa yake, kusan digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya, amma ba ko'ina ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ba, ana neman inda zafin ya matso sama, kusa da duwatsu masu aman wuta ko inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa da kansa. Shi ya sa Indonesiya da Filifins da Turkiyya suka yi nisa, Amurka ce dai kan gaba. Kenya ma ba baya ba, tun 1981 tashar Olkaria ke aiki, yanzu kusan rabin wutar ƙasar daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa.

Sai haƙa, kuma wallahi nan ne kuɗi ke narkewa. Kamar burtsatse ne amma zurfin kilomita 2 zuwa 3, kuma za a iya gama haƙawa a tarar zafi akwai amma ruwan bai taka kara ya karya ba, shi kenan an yi asara.

In an dace, abin da ya fito daga rijiyar shi zai nuna irin injin da za a kafa. In tururi ne zalla sai a ja shi da bututu kai tsaye ya juya farfelar inji, ita kuma ta juya janareta. A Larderello ta Italiya aka fara samar da wuta daga tururin ƙasa a 1904, da 'yan ƙwayayen fitila kawai. Irin wannan wuri ba shi da yawa. Galibi ruwa ne ke fitowa mai zafin sama da digiri 180, nauyin ƙasa ya danne shi ya hana shi tafasa, ana sakin shi cikin tanki sai wani ɓangare ya rikiɗe tururi nan take, fuu! In kuma zafin bai kai haka ba sai a sa shi ya ɗumama wani ruwan sinadari mai saurin tafasa, tururin wancan ya yi aikin. Ni wannan dabarar ta fi burge ni.

Kar a manta da mayar da ruwan ƙasa ta wata rijiyar daban. A tashar The Geysers ta Kalifoniya a Amurka an yi ta kwasa har tururi ya fara ja da baya, sai da aka koma turo ruwan kwatar gari da aka tace ana ɗura wa ƙasa. Ɗurin ma sai da lissafi, girgizar ƙasar Pohang ta Koriya ta Kudu a 2017 bincike ya ɗora ta kan ruwan da aka danna da ƙarfi a wata tashar gwaji.

Af, in ka je irin tashar ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai kar ka zargi kowa, iskar farar wuta ce ke biyo tururin.