Yadda Ake Renon Shukar Cikin Gida a Jidda da Makka

Abin da ya fi kashe shuka a gidajen hayar Jidda da Makka shi ne yawan ban ruwa da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Mai shuka yakan ga zafin waje ya haura digiri 40 tsakanin Yuni da Agusta, sai ya ɗauka tukunyar da ke falo ma ƙishi take ji, alhali ƙasarta ba ta bushewa da wuri a ɗakin da rana ba ta shiga, har saiwa ta ruɓe ganye ya koma rawaya.

Wanda bai taɓa gwadawa ba ya fara da shukar da ke da haƙuri. Moda, wadda masu sayar da shuka a nan suke kira jildin namir, tana iya yin mako 2 ko 3 ba ruwa, haka ma alobera, sai kuma butus mai yaɗo da ke jure ƙarancin haske. Na'ana'a da ɗaɗɗoya, waɗanda uwargida ta fi bukata saboda shayi da miya, suna son rana sosai, don haka gara a dasa su daga Oktoba zuwa Fabrairu lokacin da zafi ya ragu, a ajiye su a taga ko a saman soro. A sayi tukunya mai huda a gindi, ta yumɓu ta fi ta roba, a cika ta da ƙasar shuka da ake sayarwa a buhu. Kada a ɗebo yashin bakin titi, musamman a Jidda inda gishirin teku ya ratsa ƙasa.

Tagar da ke fuskantar gabas ita ce ta fi dacewa. Idan ta yamma kaɗai ake da ita, a rataya labule marar kauri domin ya tace ranar la'asar, irin aikin da tagogin katako na rawashin suke yi a tsofaffin gidajen unguwar Balad ta Jidda. Kada a bar tukunya a saitin da iskar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke bugawa, domin tana busar da bakin ganye ko da ƙasa na da danshi.

Batun ruwa ne ke bukatar natsuwa. Kafin a zuba, a tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in an ji danshi a dakata. In ta bushe, a zuba har ya fito ta ƙasa, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti, wanda barinsa ke jawo sauro, kuma Jidda gari ne da aka san shi da zazzaɓin dengi. Ruwan famfo da ke saukowa daga tankin saman gida yakan yi zafi ƙwarai da rana, saboda haka a tara shi a bokiti da dare a yi amfani da shi da safe. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ma yana da kyau tunda ba gishiri a cikinsa, sai dai ba ya ɗauke da abincin shuka, don haka a riƙa ƙara taki na ruwa kaɗan sau ɗaya a wata. Idan farin ɓawo ya fito a saman ƙasa, gishiri ne ya taru, a kankare shi a kwarara ruwa mai yawa.

Bayan an yi ƙura a goge ganye da jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayansa ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga, waɗanda ruwan sabulu marar ƙarfi ke kawar da su. Gidan da ke da kyanwa ko yaro mai rarrafe a ɗaga butus da moda da alobera sama, domin tauna su na cutarwa.

Mai shirin tafiya gida Najeriya ko Nijar hutu ya janye tukwanen daga taga, ya ajiye gorar ruwa a wurin da ya ɗan fi su tudu, ya saka zaren auduga mai kauri daga cikin gorar zuwa cikin ƙasar butus. Moda da alobera kuwa a ba su ruwa sau ɗaya ranar tafiya ya wadatar.