Kafin ka zuba kuɗinka a gidan haya a Zariya

Da zarar mutum ya karɓi giratuti, ko masara ta yi masa kyau ya fitar da buhunansa a kan kari, shawarar farko da zai ji daga 'yan uwa ita ce ya sayi gida ya zuba 'yan haya, wai ƙasa ba ta ruɓa. Gaskiya ne, amma gini yana ruɓa, takarda ma tana iya zama ta banza. Na gaji da ganin sababbin shiga suna afkawa ramin da na gabansu suka afka, shi ya sa na ce bari in faɗa ko da mutum ɗaya zai ji.

Babbar masifa ita ce gidan gado. Tsofaffin gidajen cikin birni da na Tudun Wada, da wuya ka samu wanda ba magada ne a kansa ba. Dillali zai kawo maka babban wa, dattijo mai kamala, ya ce shi ne ke magana da yawun kowa. Haka aka yi mini. Dillalin cewa ya yi, "Alhaji, wannan gida ba rigima, ni na tsaya maka." Aka yi ciniki, aka sallama, ya karɓi la'adarsa. Na sauya kwano, na yi filasta, na haƙa sabon masai. Ana gobe 'yan haya za su tare sai ga sammaci. Ashe akwai ƙanwarsu da ke aure a Funtuwa, ba wanda ya tuntuɓe ta, ko sisi ba a ba ta ba. Kuma tana da gaskiya, haƙƙinta ne da addini ya ba ta. Gidan ya zauna a kulle ana ta ɗage zama, damina ta bi ta kansa, ƙarshe sai da na sake biyan kasonta daga aljihuna. Dillalin da ya tsaya mini kuwa, lambarsa ta daina shiga.

Tun daga nan ba na taɓa gidan gado sai na ga takardar rabon gado daga kotu, sannan kowane magaji ya sa hannu a gabana, mata da maza, marayu kuma waliyyinsu. Ni har cikin gida nake neman iso in gaida babbar macen gidan, in tambaye ta, "Hajiya, da saninki ake sayar da gidan nan?" Yadda za ta amsa ya ishe ni. Wasu na cewa wannan shisshigi ne. To, su ba su taɓa zaman benci a kotu ba.

Kuma don Allah a daina ɗaukar takardar mai unguwa a matsayin takardar mallaka. Shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfaninta, amma iyakarta ke nan. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Ka je a bincika maka kafin ka ba da kafin alƙalami, ba bayan ka biya ba. In kuma gini za ka yi ko ƙarin ɗakuna, izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ba ado ba ne. Wanda ya zauna a garin nan tsakanin 2015 da 2023, zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i, ya ga rusau da idonsa. Gidajen da aka ce suna kan filayen makarantu da na hukumomi sun sha katafila, kuma da yawa daga masu su saye suka yi da guminsu, suna riƙe da takarda mai hatimi.

Sai lissafin Samaru. Kowa ya ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suna neman ɗaki a Hayin Dogo ko Bomo sai ya ɗauki biro: ɗaki goma, kowanne kaza, a shekara kaza, cikin 'yan shekaru uwar kuɗi ta dawo. Kai malam, a ina ka sa yajin aiki a lissafin nan? A 2020 malaman jami'a sun tafi tun Maris sai Disamba, ga korona a kai. A 2022 sun sake tafiya daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur. Abin da ke faruwa shi ne ɗalibi ya danna kwaɗo a ƙofa, katifarsa da risho suna ciki, ya tafi garinsu. Ba ka da ikon ba wani ɗakin, shi kuma ba zai biya ba. Ranar da aka koma zai tsaya a gabanka da ladabi ya ce, "Baba, ai kuɗin zangon karatu na biya, kuma zangon bai ƙare ba." In ba ka rubuta komai ba, da me za ka ƙaryata shi? 'Yan ajin ƙarshe da ya kamata su fita ba su fita ba, sababbin da kake jira ba su zo ba. Wanda ya ci bashi ya gina ɗakunan nan, shi ya san yadda barci ke ƙaurace wa ido.

Ni dai yanzu ranar shiga da ranar ƙarewa nake rubutawa da lambobi, in ƙara da cewa yajin aiki ba ya tsayar da kwanan wata, uban yaro ko wanda ya tsaya masa ya sa hannu. In zan yi lissafin riba, wata goma nake ƙirgawa a shekara, sauran biyun na gyara ne da ɗakin da zai zauna ba kowa. Kuma ba na cika gida da ɗalibai zalla. Ma'aikacin asibitin Shika ko ɗan kasuwar Sabon Gari ba ya biyan abin da ɗalibai uku za su haɗa su biya, amma yana nan rani da damina. Wasu abokaina na ganin rage wa kai riba ne. Su ci gaba.

Sauran kuwa gajeru ne. Kada ka duba gida da rani kawai, ka koma a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ka ga inda kwata ke zubawa, ka shafa gindin bango ka ji ko rima ta kama shi, musamman in gidan na gangaren kogin Kubanni. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, ɓoye wani abu ake yi. Zancen ruwa, 'yan garuwan layin za ka tambaya ba dillali ba, su suka san rijiyar da ke ƙafewa da bazara. Ka duba bashin da ke kan mita kafin ka biya, don kada tsohon mai gida ya tafi ya bar ka da rigimarsa. In da hali ka sa wa kowane sashe mitarsa mai kati, rabin faɗan gidan haya a kan kuɗin wuta ne. Ɗan uwa kuwa, ko ka ba shi ɗaki kyauta ka san sadaka ka yi, ko kada ka ba shi sam. Ranar da ka tambayi ɗan Kawu kuɗin haya, kafin magariba Gwaggo ta kira ka.

Akwai kuma masu zafin kai, waɗanda in ɗan haya ya ƙi biya sai su cire ƙofa, ko su yaye kwano, ko su watso kayansa waje. Malam, ka mayar da kanka mai laifi, wanda ke bin bashi ya koma shi ake tuhuma. In ba ku rubuta wani wa'adi a yarjejeniya ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida yake da shi, bayansa na kwana bakwai, sannan kotu ce ke fitar da shi, ba kai ba, ba kuma 'yan sanda ba. Wata shida da gaske yana da tsawo ga mai jiran kuɗinsa, shi ya sa nake biyan lauya ya rubuta mini yarjejeniya da wa'adin da ya fi wannan gajarta, a karanta wa ɗan haya da Hausa a gaban shaidu biyu kafin makulli ya bar hannuna.