Kurakuran da muka fi yi in muna koyon Sifaniyanci don magana da marasa lafiya

Lokacin da na fara aikin nas a Houston ban taɓa kawowa a raina zan buƙaci wani yare bayan turanci ba, sai da na fara dutin dare naga wani lokacin kusan rabin gadajen da ke hannuna masu Sifaniyanci ne, wasu daga Meksiko wasu Honduras wasu El Salbado, tsohuwa tana riƙe da ciki tana ta bayani kai kuma kana tsaye ko kalma ɗaya baka kama ba. A Amurka kaɗai mutum sama da miliyan 40 ne suke yin yaren a gidajensu. Ga kuma yaranmu da ke tafiya Kyuba karatun likita, makarantar ELAM da aka buɗe a Habana a 1999 ta ɗauki ɗaliban Afirka da yawa kuma sai sun koyi yaren kafin su shiga karatun sosai. Toh duk wanda ya samu kansa a irin wannan hali zai koya dole, abin da nake so muyi magana a kai shine inda ake zamewa, dan Hausawa sunce ƙaramin sani ƙuƙumi ne kuma a asibiti wannan maganar bata wasa bace.

Kuskuren da yafi kowanne haɗari yana zuwa ne ta ƙofar turanci. Mu da mukayi karatu da turanci da zarar munji kalma tayi kama da wadda muka sani sai mu ɗauka ita ce. A 1980 a jihar Florida an kawo wani saurayi ɗan shekara 18 ɗan asalin Kyuba asibiti baya cikin hayyacinsa, danginsa suka ce intoxicado, su abin da suke nufi yaci wani abu da ya ɓata masa ciki, amma aka fahimce ta da ma'anar turanci wato ya bugu da ƙwaya ko giya, aka dinga yi masa maganin wanda ya sha ƙwaya fiye da kima alhali jini ne ke zuba a cikin kansa, kwana biyu aka ɗauka kafin a gano, ya rayu amma hannu da ƙafa duk sun shanye, diyyar da aka daidaita a kai ta kai kusan dala miliyan 71. Kalma ɗaya ce fa. In kana son tambayar buguwa kalmar ita ce borracho, in kuma kaji intoxicado ka tsaya ka tambaya me yaci, me ya sha, yaushe.

Irinsu suna da yawa. Embarazada mai juna biyu ce, babu ruwanta da jin kunya wato embarrassed na turanci. Constipado a Sifen mura ce da toshewar hanci ba constipation ba, wanda bayan gida ya ƙi fita masa estreñido ne. Droga a kunnen yawancin mutane kayan maye ne, kada ka tambayi dattijo wace droga yake sha, kace medicina ko medicamento ko pastillas. Sai wadda tafi bani tsoro, kalmar once, a turanci sau ɗaya, a Sifaniyanci 11, ka duba kwalbar magani an rubuta a sha sau ɗaya a rana da turanci mutum ya tafi gida ya karanta da yarensa. Shi yasa bana barin kowa ya fita sai na faɗa da baki una vez al día kuma na ɗaga yatsa ɗaya. Hanyar gyara wannan babu wata dabara, ka samu ƙaramin littafi ka dinga rubuta irin waɗannan kalmomin a shafi na musamman, kuma duk kalmar da tazo maka da sauƙi sosai ka zarge ta tukunna.

Sai maganar bakinmu. Gaskiya Bahaushe yana da sa'a a wannan yaren fiye da Bature, wasulan guda biyar ne a e i o u kamar namu, r ɗin nan mai kaɗawa da turawa ke shekaru suna fama da ita mu muna da ita tun a gida, harafin v kuma kamar b ake faɗinsa, vacuna kace bakuna ka wuce. Har kalmomin Larabci zaka tarar, jarabe maganin ruwa daga sharab, azúcar suga, jaqueca ciwon ɓarin kai, ojalá da suke faɗa in suna fata asalinta daga ambaton Allah take. Amma p da f sune matsalarmu kuma kowa ya san haka. A ɗakin haihuwa mace in faya ta fashe mutanen Latin Amurka cewa suke se me rompió la fuente, in ka juya f ta koma p ka faɗi puente gada kenan ta mota. Pecho ƙirji, fecha kwanan wata, pulmón huhu, fiebre zazzaɓi, kullum suna bakinka. Abin da ya taimake ni shine riƙe ƴar takarda a gaban baki, p leɓe biyu ne suke haɗuwa su buɗe, f kuma haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa iska ta fita a hankali, minti biyar a mota kafin in shiga aiki. Sannan h ba'a furta ta, hígado hanta igado ake cewa, hueso ƙashi weso, j ce take bada sautin da ya kusa da h ɗinmu. Harafin ñ kuma kamar ny ne, años shekaru, in ka sauke wannan ƴar alamar ka faɗi anos ka koma maganar dubura a gaban mutumin da ka tambaya shekarunsa.

Wani abu da mutane ke rainawa shine inda nauyin kalma yake sauka. ¿Tomó la pastilla? da nauyi a ƙarshe yana nufin kin sha ƙwayar? Amma tomo da nauyi a farko ni ne nake sha. Mu da yarenmu ke bambanta ma'ana da hawa da saukar murya bai kamata wannan ya gagare mu ba, kawai bamu saka kunne bane.

Yanzu ladabi. Manhajoji irinsu Duolingo suna saba maka da tú da wuri, kai ko ke kenan na tsara da yara, sai kazo gaban tsohuwa mai shekarun kakarka kace mata ¿cómo te sientes? Ba zata ce komai ba amma taji. Yadda ba zaka shiga ɗakin Hajiya kace ke ya jiki ba sai dai ku, haka suma suke da usted, ¿cómo se siente, señora? Ka koyi duk jimlolinka na asibiti da usted tun farko, yara ƙanana ne kawai zaka yiwa tú. Kuma kada ka faɗa kan tambaya babu gaisuwa, buenos días, ka faɗi sunanka da aikinka, wannan bama sai an koya mana ba. A kula da suna ma, yawancinsu sunan iyali biyu gare su na uba sannan na uwa, in ka ɗauki na ƙarshe kaɗai kana iya buɗe fayil ɗin wani.

Nahawun da ake buƙata a bakin gado bashi da yawa amma akwai wurare uku da ake faɗuwa. Ciwo, masu tunani da turanci suna cewa yo duelo wanda ba daidai bane, daidai shine me duele la cabeza, kuma in ka lura ginin Hausa ne sak, kai yana yi min ciwo, in abu biyu ne me duelen los pies. Ka fassaro daga Hausa kai tsaye zaka fi dacewa. Na biyu ser da estar, es malo mugun mutum ne, está malo bashi da lafiya. Na uku zafi, kada ka tambayi mace ¿está caliente? dan a wurare da yawa maganar sha'awa ce, kace ¿tiene calor? ko ¿tiene fiebre? Jinsin kalma kuma yawanci mai ƙarewa da a mace ce kamar a Hausa, sai dai el problema, el síntoma, el día maza ne, la mano hannu mace ce, haddace su kawai ake yi.

Inda nafi so a daɗe shine nan, yaren littafi daban yaren majinyaci daban. Ka tuna a gida, wa yake zuwa asibiti yace yana da diabetes? Cewa yake ciwon suga, hawan jini, basir, sanyi, shawara, kuma likitan kirki ya san basir ɗin wani ba shine na littafi ba sai ya tona. Haka suke suma. Tengo azúcar shine ciwon suga, presión alta hawan jini, a Sifen kuma tensión suke cewa. Ciki yana iya zama barriga ko panza, zazzaɓi calentura, ƙwannafi a bakin ɗan Meksiko agruras. In yace riñones na masa ciwo wato ƙoda sau da yawa ƙugu yake nufi, kace señale con un dedo ya nuna maka da yatsa. Mareado yana iya zama jiri yana iya zama tashin zuciya. Ƴar Meksiko in tace ya me alivié ba lallai warkewa take nufi ba, haihuwa tayi, kamar yadda muke cewa ta sauka. Coger a Sifen ɗauka ne kawai amma a Meksiko da Ajantina batsa ce, ka riƙe tomar ko agarrar ka huta. ¿Usted toma? babu ƙarin komai tambayar giya ce.

Akwai kuma cututtukan gargajiya, mal de ojo kusan kambun baka ne, susto ciwon da firgita ke jawowa, caída de mollera faɗawar maɗigar jariri wanda mu a asibiti mun san alamar ƙarewar ruwa a jiki ce, sai empacho wato abinci ya tsaya a ciki. Kuskure ne kayi dariya ko ka share, dan ranar da ka nuna raini ranar zasu daina faɗa maka abin da suka bayar a gida. Wata uwa ta taɓa kawo yaro yana amai tace empacho ne, na tambaye ta a hankali ¿qué remedios le ha dado en casa? wato wane magani kika bashi a gida, tayi shiru ta kalli mijinta sannan ta buɗe jaka ta fito da ƙullin wani gari ruwan lemo a leda, kakar yaron ce ta aiko dashi. Irin wannan garin, azarcón da ɗan uwansa greta, dalma ce a ciki mai yawa, kuma duk wanda ya tuna yaran Zamfara a 2010 ya san abin da gubar dalma ke yi. Da tambayar bata zo da mutunci ba ƙullin nan yana cikin jaka har su koma gida.

Lambobi a taƙaice, sesenta 60 da setenta 70 suna kama a kunne, dos 2 da doce 12 haka, rubuta a takarda ka nuna. Cucharada babban cokali ne cucharadita ƙarami, tsakanin mililita 15 da 5 kenan, gara ka bada sirinji ka ja layi inda za'a tsaya. Ocho días a bakin mutane da yawa sati ɗaya ne, quince días sati biyu.

Tambayar ¿entiende? wato ka gane, bata da amfani, amsar kullum sí ce wato eh, kamar yadda namu ke cewa toh likita su fita su tambayi mai kemis. Kace dígame con sus palabras cómo va a tomar la medicina, ya maimaita maka da bakinsa yadda zai sha, a nan zaka ji inda aka rabu.

Babban kuskuren yana zuwa ne bayan wata shida ko shekara, lokacin da ka fara iya tambaya da kyau, majinyaci yaji daɗi ya saki baki da gudu, ka kama rabi ka cike sauran da zato kuma kunya ta hana ka cewa baka gane ba. Cewa más despacio, por favor, wato a hankali dan Allah, ba abin kunya bane. Wani binciken Dakta Glenn Flores da ya fito a mujallar Pediatrics a 2003 ya naɗi zaman likita da iyayen yara ta hanyar fassara, aka samu matsakaicin kuskure 31 a kowane zama, kashi 63 cikin ɗari na iya shafar magani, kuma kurakuran waɗanda aka jawo haka kawai su fassara, ƴan uwa ko ma'aikatan da ba aikinsu bane, sun fi na tafintan asibiti haɗari. Dan haka sa hannun tiyata, mummunan labari, bayanin sallama, canjin magani, matsalar ƙwaƙwalwa, duk wannan na ƙwararren tafinta ne ko da ta waya ko bidiyo. A Amurka dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ce tushen wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su samar da fassara. Kada a saka yaro ɗan shekara 10 ya fassarawa uwarsa maganar jinin al'ada ko ciwon daji, dan Allah. Google Translate ma na neman banɗaki ne da ruwan sha, ba na yawan magani ba. In tafinta yazo ka kalli majinyacin ba shi ba, kayi gajerun jimloli ka tsaya.

Kuma ba duk wanda yazo daga can bane Sifaniyanci ne yarensa. Ɗan Birazil Fotugis yake yi, a Gwatemala akwai masu K'iche' da Mam, a kudancin Meksiko akwai Mixteco, kamar dai Bafulatanar ruga da za'a yi ta yiwa Hausa tana gyaɗa kai. Na taɓa samun wata matashiya da komai aka ce sai tace sí, har tafintan yace amsoshinta basa haɗuwa da tambayoyin, sai muka tambaye ta ¿qué idioma habla en su casa? wato wane yare kike yi a gida, tace Mam. Mun jira kusan awa ɗaya kafin a samo mai yaren a waya, da ta fara magana sai ga bayanin ciwon da ta kwana uku dashi wanda babu ko ɗaya a cikin abin da muka rubuta da farko.